Ƙarfen da Ya Kuɓuce wa Inji

Zuwa ga ɗana, babban gidan nan,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina roƙon Allah ya sa wannan takarda ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da mai ɗakinka da yara, ya tsare ku a inda kuke, ya sa albarka a aikinka. Bari in fara da wanda ke lafiya da wanda ba ya lafiya, don kada ka yi ta tsallake layi kana nema. Babanku yana nan da ƙafarsa, kumburin ya ɗan saɓe, amma hawan jinin ya tashi. Gwaggonku lafiya lau, bakinta ma lafiya lau. Ƙanwarka cikinta ya tsufa, tana jan ƙafa, kuma akwai ɗinki a goshinta wanda zan gaya maka dalilinsa. Mijinta yana da karaya a haƙarƙari. Ƙaninka Dogo yana asibiti har yanzu, ya farfaɗo amma ba ya magana. Auta jikinsa ƙalau, kuma shi ne ya fi kowa ciwo a cikinsu. Ni kuwa ina tsaye, alhamdu lillahi, don babu wanda zan bar wa tsayuwar.

Na san za ka ce me ya hana ni kiran waya. A waya kuka ke cinye rabin maganata, kai kuma kullum kana fitowa daga wani taro za ka shiga wani. Bangon gidan nan ma ba ya riƙe sirri, ko tari na yi Auta yana ji daga ɗakinsa. Shi ya sa na ɗauko biro. Ka san da girma na koyi rubutun nan, in ka ga harafi ya karkace ka yi haƙuri ka bi shi har ƙarshe. Maƙwabciyata mai ɗinki za ta ɗauki hoton takardun da wayarta ta tura maka. Abin da aka gaya maka shi ne Dogo ya ji rauni a wurin aiki kuma yana samun sauƙi. Babanku ne ya ce a tsaya a nan kada a ɗaga maka hankali. Ni na ga ɓoyon ya isa, don abin da ke tafe ya fi wanda ya wuce.

Ka tuna ranar da ka zaunar da Babanku kana lallashinsa ya bar Dogo ya koyi aikin injin? Ka ce masa aikin ƙarfe ya canza, ba irin waldarsa ba ce da ta cinye masa ido ta toye masa hannu. Ka ce yanzu wani ne ke zana abin a kwamfuta, irin aikinka, wani ya rubuta wa inji umarnin yadda zai yanka, wani kuma ya tsaya a gaban injin da tsabtatacciyar riga yana kula, ƙarfen yana can cikin akwati a kulle. Babanku ya ce shi dai bai taɓa ganin ƙarfen da ya san kunya ba, muka yi masa dariya. Ban kawo wannan don in ɗora maka laifi ba. Aikin ya rufa mana asiri. Dogo ya zama mutum a cikinsa, har sababbin shiga ake turo masa. Abokin karatunka Mai Tabarau, da kai ka fara kawo shi gidan nan, ya zama mai rubuta umarni a masana'antar, ya auri ƙanwarka, ban taɓa jin ya ɗaga mata murya ba. Auta ma ya samu shiga sashen goge ƙarfe, yana jiran ranar da za a matsar da shi gaban inji kamar yayansa. Mutum uku na gida a ƙarƙashin rufi ɗaya, ina ta godiya, ban san ranar da zan yi kuka da hakan ba.

Ga yadda abin ya faru, yadda na tattara daga bakin waɗanda suke wurin, kai za ka fi ni sanin ko ya shiga hankali. Dogo ya daɗe yana yanka wasu faya-fayen ƙarfe masu kauri a injin nan mai juya ƙarfe, kowane faifai ya kai nauyin yaro mai rarrafe. Mai Tabarau ne ya rubuta umarnin, an gwada shi tun farko, yana tafiya lafiya. Sai masu kayan suka aiko a rage wani lungu a zanen. Mai Tabarau ya buɗe umarnin a ofis ya gyara, wajen gyaran ya share layi ɗaya bai lura ba, layin da ke ƙayyade wa injin iyakar gudunsa. Ya tura shi ga injin da tsohon sunansa, ya leƙo ya ce wa Dogo ɗan gyara ne ba wani abu ba, ya ci gaba kawai. Sun ce ƙa'idarsu ita ce duk umarnin da aka taɓa, ko ɗigo aka ƙara masa, sai an fara sa injin ya yanki iska, babu ƙarfe a bakinsa, a hankali, hannun mutum a kan jan maɓallin tsayarwa. Dogo bai yi ba. Surukinsa ne ya faɗa masa, kwano ɗaya suka ci abinci da safen nan, ga motar ɗaukar kaya tana tsaye a bakin ƙofa direba yana ta danna ham.

Sai maganar ƙofar injin, wadda ita ce Auta ba ya son a ambata. An ce injin ba ya tashi sai ƙofarsa na rufe, haka aka ƙera shi. Amma gilashinta ya daɗe da dushewa saboda ɓurɓushin ƙarfe da farin ruwan nan da ke sanyaya wuƙa, sun yi ta roƙon a canza ba a canza ba. Sai suka samo ɗan ƙarfe suna cusawa a makullin, injin ya ɗauka ƙofa a rufe take, su kuma su bar ta a buɗe kamar faɗin tafi suna leƙen yankan. Kowa yana yi. Shugaban sashe yana wucewa ya kau da kai. Dogo ma yana yi, ba zan wanke shi don na haife shi ba.

Da wuƙar ta nufi tsakiyar faifan sai gudun ya yi ta hawa ba mai riƙe shi. Sun ce kukan injin ya koma kamar na jirgi zai tashi, har na can ƙarshen zaure suka ɗago kai. Dogo ya sunkuya ya leƙa, hannunsa na dama a kan ƙofar. Haƙoran da ke damƙe ƙarfen suka saki. Faifan ya fito ta wannan tsagar, ya ɓalle ƙofar, ya murƙushe hannun, ya haura ya sami muƙamuƙinsa, ya wuce ya fasa bulon bango. Auta ne ya fara isa. Ya tarar da yayansa a kwance cikin farin ruwan da ya koma ja, haɓarsa na reto. Ya cire rigarsa ya tallafe ta ya ɗaure. Wani dattijo da ke aiki kusa da su ya gaya min cewa kafin mota ta zo ya ga Auta a durƙushe yana tone ɓurɓushin ƙarfe da yatsunsa, yana tsintar haƙoran Dogo yana zubawa a aljihu, ƙarfen yana yanka shi bai sani ba. Ina so ka riƙe wannan a ranka kafin ka yanke masa hukunci a kan sauran abin da zan faɗa.

Likitoci sun ɗaure muƙamuƙin da waya, ta ɗan bututu ake ba shi abinci. Yatsu biyu sun tafi, sauran hannun yana cikin filasta. Ido ɗaya a rufe yake da bandeji, likita ya ce sai an kwance za a sani. Rai dai yana nan, kuma mai rai ba ya fid da tsammani.

Muna zaune a barandar asibiti ana aikin, sai ga Mai Tabarau ya shigo kamar wanda aka tsamo daga rijiya. Babu wanda ya tambaye shi. Ya durƙusa a gaban Babanku ya ce ya koma ya duba umarnin, ya ga layin babu, shi ne ya share, kuma shi ne ya ce a ci gaba. Bai rufe baki ba Auta ya ɗauko ƙarfen da ake rataya ƙarin ruwa ya sauke masa a gadon baya. Ya faɗi, Auta ya bi shi da ƙafa a haƙarƙari, yana kiransa ɗan zaman ofis, mai hannun auduga, wanda ke kashe mutane da ɗan yatsa yana shan iskar sanyi. Ya take tabarau ɗin har sai da ya zama gari. Na riƙe rigar Auta ta ciki ta yage a hannuna, na faɗi a kan benci. Sai da masu gadi suka taru suka danne shi. Mai Tabarau ko hannu bai ɗaga ya kare fuskarsa ba. Da 'yan sanda suka zo, ya ce musu daga matakala ya faɗo. Ɗan sandan ya kalli sawun takalmi a rigarsa, ya ce lallai matakalar nan tana sa takalmi mai kyau, ya tafi.

Washegari ma'aikata suka farfasa tagogin ofis, suka kife motar shugaban sashe, shi kansa da ƙyar ya sha ta bayan sito da fasasshen kai. Aka rufe masana'antar, aka ce sai Litinin mai zuwa za a buɗe, kuma a ranar kwamitin bincike zai zauna. Na ɗauka fushin Auta ya fita a asibiti. Ashe somin taɓi ne. Da rana tsaka ya kwashi abokansa suka tafi gidan ƙanwarka. Ta gan su ta taga ta sa sakata, mijin ya haura ta gidan maƙwabta da karayarsa. Suka doki ƙofar har ta ɓalle, gefenta ya fasa mata goshi. Ba ta matsa ba. Ta tsaya a bakin ƙofar da cikinta, jini na bin fuskarta, ta ce masa in zai shiga sai dai ya taka ɗan da zai kira shi kawu. Ta ce shi da ta goya har bayanta ya yi kanta, ta wanke masa kashi, yau shi ne namijin da zai mayar da ita gwauruwa. Ta ce Dogo yayanta ne kafin ya zama nasa, kada ya zo ya nuna mata yadda ake jin ciwo. Abokan suka ji kunya suka zame ɗaya bayan ɗaya. Shi ya ce mata ta je ta wanke fuskarta, ba da ita yake ba, kuma gidan miji ba ya ɓoye mutum har abada. Yanzu Mai Tabarau yana wurin danginsa, 'yan'uwansa kuma sun aiko cewa sun yi shiru a kan haƙarƙari saboda darajar Dogo, amma in aka sake taɓa shi, mu ma mu fara shirin makoki.

Da Babanku ya ga goshinta, ya jira Auta ya shigo, ya tashi da ƙafar nan tasa ya kwaɗa masa mari. Ya ɗaga zai ƙara, Auta ya riƙe hannun a sama. Bai murɗa ba, bai ture shi ba, ya sauke shi a hankali kamar mai ajiye ƙwai, ya ce Baba ya zauna, zamanin ƙarfensa ya wuce, bai san komai a kan waɗannan injuna ba, don haka bai san wanda ya yi laifi ba. Da dukansa ya yi ina jin da ya fi masa sauƙi. Tun ranar Babanku ya juya fuska bango, abinci sai na yi da gaske. Gwaggonku ta zo ta yi nata, ta yi kuka ta yi zagi ta kawo tarihin kakanni, Auta ya ce ta gama ya raka ta bakin titi.

Abin da ya fi ci min rai shi ne zamansa a gefen gadon Dogo. Kullum yana can, shi ke goge masa baki, shi ke juya shi, ko ma'aikatan jinya sun yaba. Sai ya sunkuya a kunnensa ya tambaye shi ko ya ƙyale mutumin nan. Dogo ya yi gurnani ta cikin wayar, ya motsa hannun hagu, Auta ya juyo ya ce min na ji da kunnena, ya ce kada a ƙyale. Ni kuwa ina riƙe da wannan hannun, na san yadda yake matse ni in an ambaci sunan surukinsa, kuma ba matsar mai neman fansa ba ce. Na sa masa biro a hagun, ya yi ta ƙoƙari, sai zane kamar sawun kaza, maganin barci ya ja shi. Wanda zai iya kashe wutar nan da kalma ɗaya an ɗaure masa baki, kowa yana fassara nishinsa yadda ya ga dama.

Shekaranjiya na fito shanya na tarar da Auta a bayan gida, ya ɗauko tsohon injin wasa ƙarfe na Babanku, yana gyara bakin wani guntun rodi, tartsatsi na zuba a ƙafarsa. Na tambaye shi, ya ce sakata yake yi wa ƙofar da ya ɓalle. Na ce ban taɓa ganin sakata mai mariƙin roba ba. Sai ya kashe injin ya gaya min gaskiya ba tare da ya ɗaga murya ba, kuma sanyin muryar ne ya fi tsorata ni. Ya ce ranar Litinin dole Mai Tabarau ya zo gaban kwamiti, kuma ƙofar shiga ɗaya ce. Ya ce ba kashe shi zai yi ba, hannu da muƙamuƙi kawai yake so, daidai wa daida, kada ya ƙara kada ya rage. Ku da kuke auna abu har kaurin gashi, kai ka san hannun mai fushi ba ya awo. Kuma ko ya auna, dangin wancan ba za su auna ba. Na ɗauke rodin da ya fita na jefa a kwata, ya dawo bai ko tambaya ba, unguwar nan ba ƙarfe ta rasa ba.

Na ce masa tsautsayi ba ya wuce ranarsa, ya ce ba tsautsayi ba ne, ganganci ne. Na ce to ƙofar injin fa, ya ce me na sani a kan ƙofa, in tsaya a ƙofar kicin. Ya ce duk gidan nan mutum ɗaya ne, wato kai, ya san aikin da har zai buɗe baki, kuma shi ma ya san inda zai karkata tunda shi ya kawo mana abokinsa. Saƙon da ka turo wayarsa da ka ji za a yi bincike, cewa a bar kwamiti ya yi aikinsa, karanta shi ya yi da ƙarfi a tsakar gida yana dariya, ya ce ga injiniya ya yi magana daga nesa. Amma na lura bai share shi ba, kuma sau da yawa ina ganinsa yana buɗewa. Tun yana ƙarami kai kaɗai yake sauke wa ido. Ni gaba kura ce baya siyaki: in na bi bayan Dogo na rasa 'yata da jikan da ke cikinta, in na bi bayan surukina Auta ya ce na sayar da jinin yayansa. Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar, to ni hannuwa biyu ne suke neman yanke juna.

Ga abin da nake roƙo. Ka kira shi, kuma kada ka yi masa maganar ofis. Kada ka wanke abokinka, ya yi laifi, shi da kansa ya faɗa, in ka kare shi ka rasa Auta a numfashin farko. Ka bar shi ya gaya maka abin da ya gani a ƙasan injin nan, don har yau bai gaya wa kowa ba, bai kuma yi kuka ba. Sannan ka gaya masa abin da ka sani a matsayinka na mai aikin: ko layi yana kuɓuce wa mai rubuta umarni komai ƙwarewarsa, ko don haka aka sa yankan iska, ko da ƙofar a rufe take da ta tare faifan. In da ta tare, ka faɗa masa ko da zai zage ka. In ba za ta tare ba, kada ka yi masa ƙarya, zai gane, ka nemi wata hanyar. Ka tuna masa cewa in Dogo ya tashi da hannu ɗaya, zai buƙaci ƙani a waje, ba a gidan yari ba. In kuma wurin aikinku za su ba ka dama ka zo, ka zo, ko kwana ɗaya ne.

Ka gaishe min da mai ɗakinka, ka ce mata na ga saƙon addu'arta, Allah ya saka. Ka gaishe da takwarata, da ɗan mijin nan nawa marowaci da ya daina karɓar waya in an ce ni ce. Kada ka gaya musu halin da kawunsu yake ciki tukuna. Gwaggonku tana gaisuwa. Ƙanwarka ta ce in gaya maka ba ta roƙon komai, amma da ta faɗa sai da ta riƙe hannuna. Babanku bai san na rubuta ba.

Abu na ƙarshe, kuma ban gaya wa kowa ba sai kai. In Lahadi ta yi ban ga Auta ya sauka ba, zan yafa mayafina in tafi ofishin 'yan sanda da ƙafata, in gaya musu wace matakala ce ta karya haƙarƙarin surukina, in gaya musu abin da ake shiryawa a ƙofar masana'anta, in tsaya har su zo su tafi da shi. Na san aikin injin da yake jira ya tafi ke nan, na san wataƙila ba zai sake kirana uwa ba. Na auna wannan na ga zan iya ɗauka. Gara in kai masa abinci yana juya min baya da in wanke jinin mijin yayarsa daga rigarsa. Ba na so in yi, ɗana, Allah ya sani. Ka ba ni amsa kafin ranar Lahadi, ko ta wayar mai ɗinki ce, in san ko ka same shi da abin da ya ce, don in san ko in ninke mayafin ko in yafa.

Allah ya yi maka albarka, ya sa a bakinka abin da zai ji.

Ni ce mahaifiyarka.